Yadda Ake Gyara Munanan Ɗabi'un Rubuta Kod a Tawagar Masu Haɗa Manhaja

Alamomin ba sa ɓuya. Gyaran da ya kamata a gama cikin awa biyu sai ya cinye mako guda. A taɓa shafin biyan kuɗi, shafin rajista ya lalace. Akwai wani fayil mai layi 4,000 da kowa ke kauce masa, mutum ɗaya ne ya san ciki da wajensa, ranar da ya tafi hutu kuma aiki ya tsaya cik. Ranar da za a saki sabuwar siga kuwa, kowa zuciyarsa na dukan uku-uku.

Idan abu ya kai haka, shugaban tawaga yakan tara mutane ya yi musu faɗa a kan sakaci, ko ya ce a watsar da komai a sake gini daga tushe. Faɗan yakan yi tasiri na 'yan kwanaki, sannan a koma gidan jiya. Sake ginin kuma zan zo kansa. Yawancin masu rubuta kod mara kyau sun san mai kyau in sun gan shi. Ga wa'adi a wuyansu, ga ƙofar gaggawa a buɗe, babu abin da zai tare su, sai su bi ta nan. Saboda haka tsarin aikin ne ke buƙatar gyara, kuma ƙa'idar da duk matakan nan suka doru a kanta ɗaya ce: abin da na'ura za ta iya kamawa a bar wa na'ura, a tanadi idon mutum domin abin da sai mutum ne zai gan shi.

Mataki na 1: Gano inda ciwon yake

Kada ka ce za ka gyara komai. Kowace tsohuwar manhaja tana da kod mai muni da ba ya damun kowa, saboda an daɗe ba a taɓa shi ba kuma yana yin aikinsa. Wanda ke cin ku shi ne mai munin da ake taɓawa kullum. Git, wato ma'ajin tarihin canje-canjen kod, yana riƙe da wannan tarihin:

`git log --since="12 months ago" --name-only --pretty=format: | sort | uniq -c | sort -rn | head -20`

Umarnin zai jero fayilolin da aka fi canzawa cikin shekara guda, tare da adadin komit ɗin (kowane kunshin canji da aka ajiye a Git) da ya shafi kowanne. Layin farko yakan fito babu suna, ka tsallake shi. Bayan haka ka ɗauko ƙorafe-ƙorafen masu amfani da manhajar na wata shida da suka wuce, ka duba a wane fayil aka yi gyaran kowanne. Sai ka samu kowane ɗan tawaga shi kaɗai, ba a gaban taro ba, ka tambaye shi: wane ɓangare ne in an ba ka aiki a cikinsa gabanka ke faɗuwa? Fayilolin da suka bayyana a dukan jeri ukun nan ba su cika yawa ba. Su ne filin aikinku.

Kada ka bi `git blame` kana fito da sunayen waɗanda suka rubuta su. Ranar da mutane suka ga binciken ya koma neman mai laifi, ranar za su daina gaya maka gaskiya, kuma ba za ka iya sauran matakan ba tare da gaskiyarsu ba.

Mataki na 2: A kashe gardamar salo, a kafa linta

Tawagogi da yawa suna ƙone sa'o'i a kan inda za a sa baka, da yawan tazarar farkon layi, da irin alamar zance. Wannan ba aikin ɗan Adam ba ne. Ku ɗauki manhajar da ke tsara kod da kanta: Black ko Ruff ga masu Python, Prettier ga masu JavaScript da TypeScript, `gofmt` ga masu Go. Ku karɓi saitinta yadda ya zo. In kun buɗe ƙofar canza saiti, gardamar ce ta dawo da sabon suna.

Ku tsara dukan kod ɗin a komit guda ɗaya wanda ba ya ɗauke da wani canji, bayan kowa ya haɗe rassan da yake aiki a kansu (reshe shi ne kwafin kod da ake aiki a kansa a gefe kafin a mayar da shi cikin babban), domin kada rikicin haɗewa ya rufe su. Ku sa lambar komit ɗin a fayil mai suna `.git-blame-ignore-revs` domin tarihin layuka ya ci gaba da nuna ainihin canjin da ya kawo su. GitHub na karanta wannan fayil da kansa.

Sannan linta, wato manhajar da ke karanta kod tana nuna wuraren da ke da alamar kuskure: ESLint, Ruff, da gargaɗin da kompaila (mai juya kod zuwa yaren na'ura) ke bayarwa wanda mutane suka saba rufe ido a kansa. Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna abin da ya faru da Apple a watan Fabrairun 2014. A cikin kod ɗin da ke tantance amincin haɗin intanet a iOS da OS X, an rubuta layin `goto fail;` sau biyu a jere a ƙarƙashin `if` marar baka. Tazarar farkon layin ta sa ido yana ganin duka biyun na cikin sharaɗin, alhali na biyun yana gudana a kowane hali, yana tsallake binciken sa hannu na ƙarshe. Dokar linta da ke tilasta baka a kowane `if`, ko gargaɗin kompaila a kan kod ɗin da ba a taɓa kaiwa gare shi, da ya tona shi tun da wuri.

Ranar da kuka kunna linta a tsohuwar manhaja za ta iya zubo muku gargaɗi dubbai. Kada ku tsaya share su. Ku sa dokar ta hau kan sabon kod da fayilolin da aka taɓa, ku rubuta adadin tsofaffin, ku amince cewa adadin yana iya raguwa amma ba ya ƙaruwa. Sauran ƙa'idojin da na'ura ba ta iya dubawa, kamar yadda ake sa suna da yadda ake tafiyar da kuskure, ku rubuta su tare a shafi ɗaya. In ya wuce shafi ɗaya ba mai karantawa.

Mataki na 3: A sa mai gadi a babban reshe

Dokar da ta dogara da tunawar mutane ba ta kai wata guda. Ku kulle babban reshe yadda babu mai tura kod cikinsa kai tsaye, har shugaban tawaga. Kowane canji ya bi ta buƙatar haɗewa, wato neman a duba shi kafin a shigar da shi babban reshe, kuma mai bincike na atomatik kamar GitHub Actions, ko GitLab CI, ko Jenkins ya gudanar da abu huɗu a kansa: duba tsari, linta, gina manhajar, da gwaje-gwaje. Ɗaya ya faɗi, ƙofa a rufe.

Abu biyu ke kashe wannan tsari. Na farko jinkiri. In binciken na ɗaukar minti 40, mutane za su tara canje-canje su tura a dunƙule, ko su nemi hanyar zagaye. Ku yi ƙoƙari ya tsaya a kusan minti 10, gwaje-gwaje masu nauyi kuma su gudana daban. Na biyu gwajin da ke faɗuwa yau ya wuce gobe ba tare da an canza komai ba. Wannan guba ne, domin yana koya wa tawaga cewa jan launin da ke nuna faɗuwar gwaji ba ya nufin komai, a sake danna maɓalli kawai. Duk gwajin da aka kama da wannan hali a keɓe shi a ranar, a ɗora wa mutum ɗaya gyaransa. Galibi dalilinsa dogaro da agogo ne, ko da intanet, ko da abin da wani gwajin ya bari a rumbun bayanai.

In babban reshe ya lalace, gyara shi ya riga kowane aiki. In ba a gano bakin zaren da wuri ba, a janye komit ɗin da `git revert`, a yi binciken a natse.

Mataki na 4: A rage girman canji

Buƙatar haɗewa ɗaya, manufa ɗaya. Kada a cusa gyaran kuskure da sauya sunaye da sabon aiki a kunshi guda. In kana buƙatar sake fasalin kod kafin ka ƙara abu, ka tura sake fasalin shi kaɗai, sannan ƙarin ya biyo baya. Reshen da ya yi mako uku yana gefe zai dawo da rikicin haɗewa da ba mai iya bitarsa. A raba aikin gida-gida, abin da bai kammala ba a ɓoye shi a bayan makunni, wato saitin da ke kunna ko kashe wani sashe na manhaja, har ya nuna.

Saƙon komit ya faɗi dalili. "Gyara" ko "sabuntawa" ba saƙo ba ne. Layin farko gajere, kusan harafi 50, sai layi fanko, sai bayanin abin da ya sa aka yi canjin. Abin da aka canza yana nan a kod, dalilin ne ke ɓacewa. Wanda zai bi tarihi da `git bisect` bayan shekara biyu yana neman komit ɗin da ya shigo da matsala, ƙananan komit masu bayani ne za su fisshe shi.

Mataki na 5: Bitar kod

A nan ɗabi'un tawaga suke gyaruwa, a nan kuma zumunci ya fi lalacewa in ba a iya ba.

Fara da girma. Wani nazari da kamfanin SmartBear ya yi a kan bitar kod a Cisco a 2006 ya nuna cewa mai bita ya fi kama kurakurai in abin da ke gabansa bai wuce layi 200 zuwa 400 ba, kuma ƙarfinsa na raguwa in zaman ya wuce awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Duk wanda ya taɓa bita ya san haka a jikinsa: a kawo maka layi 30 ka yi tambaya biyar, a kawo maka 2,000 ka leƙa sama-sama ka amince. Mai bita yana da haƙƙin mayar da babban kunshi ya ce a raba.

Mai turo canji ya fara karanta aikinsa kamar na wani, ya rubuta abin da canjin ke yi, da dalili, da yadda ya gwada. Mai bita kuma ya bi wannan jeri: shin wannan ne ma abin da aka nema? Me zai faru in bayanan da suka shigo babu komai a ciki, ko sun yi yawa, ko an shirya su da mugun nufi? In rumbun bayanai bai amsa ba fa? In mutum biyu suka danna a lokaci guda fa? Gwajin da aka haɗo zai faɗi kuwa in aka ɓata kod ɗin? Wanda bai san tarihin aikin ba zai gane shi? Tsarin rubutu ba ya cikin jerin, domin na'ura ta gama da shi a mataki na 2.

Abin da ya fi wuyar gani shi ne layin da ba a rubuta ba. Matsalar Heartbleed a OpenSSL (manhajar da ke tsare sirrin haɗin intanet), wadda aka bayyana a watan Afrilun 2014, ta samo asali ne daga canjin da aka shigar ranar 31 ga Disamban 2011 bayan an yi masa bita. Kod ɗin yana karɓar tsawon saƙo daga wanda ya aiko, bai duba ko tsawon ya dace da ainihin saƙon ba, don haka ana iya sa sabar ta fitar da abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta, har da makullan sirri. Layukan da ke wurin babu wanda ya yi kama da kuskure. Binciken da ya kamata a yi ne babu. Shi ya sa mai bita ba zai tsaya a "wannan daidai ne?" ba, sai ya ƙara da "me aka manta?"

Sai lafazi. A yi magana a kan kod, kada a taɓa mutum. "Ba ka iya ba" ba ya gyara layi ko ɗaya. "Malam, in jerin nan ya zo babu komai, ina ganin layi na 42 zai fashe, ko akwai inda aka tare shi da ban gani ba?" ya nuna matsalar, ya kuma bar ƙofa ko mai bitar ne bai gani ba. A bambance abin da dole a gyara kafin haɗewa da abin da shawara ce kawai, a rubuta hakan a fili. In an yi musayar saƙo sau uku ba a daidaita ba, a bar rubutu a yi magana baki da baki. In ka ga aiki mai kyau ka faɗa, domin ta nan ƙanana ke gane abin da ake so.

A amsa buƙatar bita cikin yinin aiki guda. Kod ɗin manya ma a yi masa bita, kuma ƙanana su riƙa yi. Na fi damuwa da wannan fiye da sauran. Tawagar da babba ke duba kowa amma ba mai duba shi ta koya wa kowa cewa bita hukunci ne da ake yi wa na ƙasa, kuma kurakuran babban su ne za su wuce ba shamaki.

Mataki na 6: Ɗabi'un da za a bi ɗaya bayan ɗaya

Kada a kawo su gaba ɗaya. Ku ɗauki ɗaya ko biyu a kowane zagayen aiki, kuna farawa da wadda ta fi yawa a fayilolin mataki na 1.

Haɗiye kuskure. Ita nake sa wa a gaba. `except: pass` a Python, ko `catch` da babu komai a cikinsa, yana nufin abu ya lalace kuma an hana kowa sani. Manhajar za ta ci gaba da tafiya da gurɓatattun bayanai, matsalar ta ɓullo a wani wuri mai nisa bayan makonni. Ƙa'idar: ka kama kuskuren da ka san yadda za ka yi da shi, sauran ka bar shi ya hau sama. In ka rubuta shi a log, wato rajistar abubuwan da ke faruwa a manhaja, ka haɗa da abin da ake yi da lambar buƙatar, amma ban da kalmar sirri ko bayanan katin mutane.

Sunaye marasa ma'ana. `data2`, `tmp`, `flag`, `x`. Suna ya faɗi abin da ke ciki, in lamba ce ta awo ya faɗi ma'auninta: `jira_dakiku` ya fi `jira`. A watan Satumban 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wata manhaja tana fitar da lissafin ƙarfin turi da ma'aunin fam, wadda ke karɓa kuma tana ɗauka da ma'aunin Newton ne. Lambobin sun wuce daga wannan hannu zuwa wancan ba tare da komai a jikinsu da ke faɗin ko su mene ne ba. Haka nan lambar da aka jefa tsakiyar kod babu bayani, kamar `if status == 3` ko `* 86400`, a ba ta suna a wuri ɗaya.

Fankshin, wato guntun kod mai suna da ake kira ya yi wani aiki, mai aiki goma. In ba za ka iya faɗin aikinsa a jimla ɗaya ba tare da "sannan kuma" ba, a raba shi. Thomas McCabe ya fito da ma'aunin ƙirga hanyoyin da za a iya bi a cikin fankshin a 1976, ya ba da shawarar kada su wuce 10, kuma linta da yawa suna iya auna wannan. `if` a cikin `if` a cikin `if` kuwa, maganinsa a kori yanayin da bai dace ba tun a farkon fankshin da `return`, sauran ya miƙe.

Kwafa da liƙawa. Matsalarsa tana zuwa ranar gyara: a gyara wuri uku a manta na huɗu. Sai dai kada a wuce gona da iri. Kod biyu da suka yi kama amma dalilan canzawarsu daban ne, haɗe su na haifar da fankshin mai makunnai bakwai. Ƙa'idar kasuwanci, kamar lissafin haraji ko sharaɗin rangwame, ita ce dole ta zauna wuri ɗaya tak.

Mataccen kod. Mutane na jin tsoron gogewa, sai su mayar da shi sharhi ko su bar shi "ko za a buƙata". Git na ajiye da shi, a goge. Ranar 1 ga Agustan 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar kusan dala miliyan 440 cikin kimanin minti 45. Akwai wani tsohon kod mai suna Power Peg da aka daina amfani da shi shekaru da dama amma ba a cire ba. Sabon kod ya sake amfani da makunnin da ke tayar da shi. Ma'aikacin da ya ɗora sabuwar sigar da hannu ya sa ta a sabar bakwai cikin takwas, ba kuma wanda ya duba bayansa. Da aka kunna makunnin, sabar ta takwas ta tayar da tsohon kod, ta shiga aika odar ciniki ba ƙaƙƙautawa. Darasi uku ne a nan: a goge abin da ya mutu, kada a ba tsohon makunni sabon aiki, kuma ɗora manhaja a sabar ya zama aikin na'ura.

Sirri a cikin kod. Kalmar sirri da makullin API, wato makullin da manhaja ke shiga wata manhajar da shi, ba sa shiga Git. Ku sa gitleaks, mai binciko sirrin da ya shiga kod, ko makamancinsa a cikin mai gadin mataki na 3. In makulli ya riga ya shiga, goge layin bai wadatar ba, yana nan a tarihi. A soke shi a fitar da sabo.

Sai guda biyu da ba sa buƙatar dogon bayani. Kada a ɗinka umarnin SQL, yaren da ake tambayar rumbun bayanai da shi, da rubutun da mai amfani ya shigar, a bi ta gurabun da laburaren rumbun bayanai ya tanada. Kada a lissafa kuɗi da `float`, domin a Python da JavaScript `0.1 + 0.2` yana ba da `0.30000000000000004`. A yi amfani da `Decimal` ko a ƙirga da mafi ƙanƙantar ɓangaren kuɗin.

Sharhi kuma ya bayyana dalili. Sharhin da ke maimaita abin da layin ya faɗa nauyi ne kawai, wanda kod ya canza aka bar shi kuwa ƙarya yake yi wa mai karatu.

Mataki na 7: Gwaji a kan kod ɗin da ba shi da gwaji

Ba za ku tsayar da aiki wata uku kuna rubuta gwaji ba, ba kuma wanda zai ba ku wannan lokacin. Ku kafa doka biyu. Duk kuskuren da aka kawo, a fara rubuta gwajin da ke nuna shi, a ga ya faɗi, sannan a gyara, a ga ya wuce. Duk sabon aiki kuma ya zo da gwajinsa. Da haka gwaje-gwaje za su taru daidai inda manhajar ta fi karyewa.

Kafin a taɓa ɗaya daga fayilolin nan masu ban tsoro, a ɗaure shi tukuna. Ka ba fankshin ɗin bayanai iri-iri, ka rubuta abin da yake fitarwa yanzu a matsayin gwaji, ko da kana zargin wani sakamakon ba daidai ba ne. Manufar ita ce in ka sake fasali ka san ko hali ya canza. Sai ka riƙa ɓallo ƙananan sassa, kana gudanar da gwajin bayan kowane motsi. Abin da ka ga ba daidai ba ka rubuta shi gefe, a gyara a wani komit daban, domin wataƙila wani ɓangaren ya daɗe da dogara da wannan kuskuren.

Ku yi hattara da ma'aunin kason kod ɗin da gwaji ya ratsa. Yana da amfani wajen nuna inda babu gwaji sam. Amma in aka ce dole kowa ya kai kashi 90 cikin 100, za a samu gwaje-gwajen da ke kiran fankshin ba sa tabbatar da komai. Hanyar gane gwaji na gaske: ka ɓata kod ɗin da gangan, ka juya `>` ya koma `<`, ka gani ko zai yi ƙara.

Mataki na 8: Kod ɗin da ba ku kuka rubuta ba

Babban kaso na manhajarku laburaren wasu ne. Ku sa fayil ɗin da ke kulle sigogi, irin su `package-lock.json` ko `poetry.lock`, a cikin Git, ku kunna Dependabot ko Renovate, masu sanar da fitowar sababbin sigogin laburare, ku ware mai duba saƙonninsu kowane mako. Kutsen da aka yi wa kamfanin Equifax na Amurka a 2017, wanda ya shafi bayanan mutum kusan miliyan 147, ya bi ta wata ɓaraka ce a laburaren Apache Struts da aka fitar da gyaranta tun watan Maris, kutsen kuma ya fara a watan Mayu.

Kod ɗin da aka kwafo daga intanet ko wanda manhajar AI ta rubuta yana ƙarƙashin doka ɗaya da sauran: wanda ya turo shi ne mai shi. In ba zai iya bayyana abin da kowane layi ke yi ba, ba a haɗe shi.

Mataki na 9: Biyan tsohon bashi, da maganar sake gini

Ward Cunningham ne ya kwatanta kod ɗin gaggawa da bashi a 1992: yana sa a yi sauri yau, amma kowane aiki na gaba sai ya biya ƙari har ranar da aka sauke shi. Amfanin kwatancen shi ne masu riƙe da kasafi suna gane shi. Kada ka ce musu kod ya yi muni, ba zai motsa su ba. Ka ce: ayyuka uku na baya da suka taɓa sashen biyan kuɗi duk sun wuce wa'adi, ƙorafi kaza daga can suka fito, muna neman kwana kaza mu gyara. Ku rubuta basussukan a wurin da kuke rubuta sauran ayyuka, ku ware musu kaso tsayayye a kowane zagaye. In an ce sai an samu sarari, ba za a samu ba. In dole ta sa an bi gajeriyar hanya saboda wa'adi, babu laifi, amma a buɗe mata tikiti a ranar.

Sake gini daga tushe kuwa, sau da yawa gudun gara ne a faɗa gidan zago. Tsohon kod, duk muninsa, yana ɗauke da gyare-gyaren shekaru da ba a rubuta su ko'ina ba. Netscape ta zaɓi sake gina burauzarta a 1998. Siga ta 4 ta fito a 1997, ba a saki ta 5 ba, ta 6 ba ta fito ba sai Nuwamban 2000, Internet Explorer kuma ta riga ta kwashe kasuwa. Ga wani abin kuma: mutanen da suka rubuta tsohon, da ɗabi'unsu da matsin da ke kansu, su ne za su rubuta sabon. In wani sashe ya wuce gyara, a gina madadinsa a gefe, a karkatar da ɗan kaso na aiki zuwa gare shi, a kwatanta sakamako, a ƙara a hankali, sannan a goge tsohon gaba ɗaya.

Mataki na 10: Ranar da abu ya fashe, da yadda za ku san ana ci gaba

Zai fashe. Bayan an kashe wutar, ku zauna ku rubuta abin da ya faru daki-daki da lokutansa. Tambayar ita ce ta yaya kuskuren ya wuce linta da gwaji da bita, kuma me za a ƙara domin irinsa kada ya sake wucewa. Kowane zama ya ƙare da aiki ɗaya ko biyu masu suna da rana. "A riƙa kula" ba aiki ba ne.

Akan samu wanda zai ƙi bin tsari, wani lokacin ma shi ne ya fi kowa hannu. Shugaba ya same shi a keɓe da misalai takamaimai, ya saurari ƙorafinsa, domin wataƙila binciken ne ke da jinkiri ko wata dokar ba ta da ma'ana. In haka ne a gyara. In ba haka ba, a gaya masa a fili cewa dokar ta hau kan kowa. Wanda rashin sani ne matsalarsa, a zaunar da shi da gwani su rubuta kod tare na 'yan sa'o'i a mako, ya fi sharhin bita hamsin.

Kada ku auna yawan layuka ko yawan komit na kowane mutum, za ku samu layuka da komit masu yawa ne kawai. Ku auna tawaga da abubuwa huɗun da masu binciken DORA, wata ƙungiya mai nazarin yadda tawagogi ke sakin manhaja, suka yaɗa: sau nawa kuke sakin canji, tsawon lokaci daga komit zuwa hannun masu amfani, kason sakin da ke jawo matsala, da tsawon lokacin farfaɗowa. Ku rubuta inda kuke kafin ku fara. Mataki na 1 zuwa na 3 ana iya gama su cikin mako biyu ko uku, sauran kuwa aikin watanni ne. In bayan wata uku alƙaluman ba su motsa ba, ku buɗe buƙatun haɗewa 20 na ƙarshe ku duba girmansu da tsawon jiran da suka yi kafin bita, domin a nan aka fi samun cikas ɗin.